Na sayi doki, ban tanadi harawa ba

Ranar da na shigo da kwamfutar gida, Baffa yana zaure bayan La'asar, rediyo a gefen kunnensa. Na zuge jaka, na ɗora ta a kan ɗan teburin shayi, na jawo cajar nan mai kama da bulo na jona. Da na kunna, maɓallan suka kama walwali, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, yaran gida suka yanyame ni. Don in burge su sai na buɗe wasan tseren mota. Ba a yi minti biyu ba fankokin cikinta suka ɗauki huci. Baffa ya rage rediyo, ya leƙo ta saman tabarau, ya ce, "Wanga abu tashi za ya yi?"

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Ya tambayi kuɗinta, na faɗa, har na ɗan rage saboda kunya. Ya yi shiru yana motsa leɓe. Na san lissafi yake yi, kuma na san da buhun shinkafa yake yin sa, don da shi yake auna komai, daga sadaki har kujerar Hajji. Da ya gama sai ya ce, "To, Allah shi sa alheri. Amma ni ban taɓa ganin wanda yas sai da shinkafa yas sayo abin wasa ba."

Maganar shinkafa gaskiya ce. Kasona na noman rani na shekara biyu a fadama, da abin da na tara daga zanen gidaje da haɗa bidiyon biki, su na tattara na tafi Kano a ƙarshen 2024, na sayo kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ake kira ta gem, wato ta wasannin bidiyo. Ta hannu ce, mai katin hoto RTX 4080, wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo, na biya naira miliyan biyu da dubu ɗari shida. Sabuwa mai RTX 4090 a lokacin tana kaiwa dala 3,000 ko fiye. Ko da canjin naira 1,500 ka buga, miliyan huɗu da rabi ke nan, wato albashin shekara biyar da 'yan watanni na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bai ci ba bai sha ba. Duk wanda ya ji wannan farashi ya riƙe baki, ban ga laifinsa ba.

Yanzu na haura shekara ina zaune da ita, kuma ina ganin gardamar da ake yi a gidaje da majalisu, wai ko almubazzaranci ne matashi ya zuba miliyoyi a kwamfutar wasa, ba ta taɓa inda gizo ke saƙa ba. Na'urar nan kayan sana'a ce kamar injin ban-ruwa, kuma tana mayar da kuɗinta ga wanda yake da aikin da zai ba ta. Sai dai a Birnin Kebbi, in ka biya kuɗinta rabinta kawai ka saya. Sauran rabin wuta ce, kuma shi ne rabin da nake ganin bai kamata a bar kowane yaro ya saya shi kaɗai ba.

Bari in fara da daɗinta, kada a ce kushe na zo yi. Tsohuwar kwamfutata, in na ba ta zanen gidan bene ta fitar da hotonsa kamar na gaske, da inuwa da hasken rana da ƙyallin tayil, sai in ɗora mata aikin bayan Isha'i in kwanta. Da safe ko in tarar ta gama, ko in tarar ta sume a hanya. Wannan kuwa kafin shayina ya huce ta kammala. Alhaji ya ce a canza masa launin fenti, a mayar da ƙofar falo ta kalli gabas, a gabansa nake yi yana kallo, ya zagaya ɗakunan gidansa tun ba a haƙa fandisho ba. Wani da na yi wa haka ya kira uwargidansa a waya yana ce mata kicin ɗinta ya yi ƙarami, a ƙara. Bidiyon biki da nake kwana biyu a kansa ya koma aikin yini. A wajen wasa kuma, allonta yana sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa ɗaya, inda kwamfutar ofis take yin 60. Baki ba zai iya kwatanta bambancin ba, sai ido ya gani, kuma da zarar ido ya saba, komawa tsohon allo ji kake kamar kana tafiya cikin taɓo. Ɗigon ruwan sama a gilashin mota, hasken fitilu a jiƙaƙƙiyar kwalta, ƙurar da taya ke tayarwa. Daren farko ban san dare ya raba ba sai da na ji kiran sallar farko daga masallacin bayanmu.

An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ban duba girman hudojin tawa ba. A jikin cajar an rubuta watt 330. Cajar kwamfutar ofis 45 ce ko 65. Katin hoton shi kaɗai yana iya jan 175, in aka haɗa da ƙwaƙwalwar kwamfutar da allon, aiki mai nauyi yana kai ta 250 ko sama, cin fankar silin uku zuwa huɗu ke nan suna juyawa lokaci guda. Batir kuwa ba ya wuce abin da ake aunawa da watt-awa 99.9 ko a mafi tsadarsu, saboda dokar jiragen sama ba ta yarda fasinja ya shiga da wanda ya haura 100 ba sai da izini na musamman, kuma babu kamfanin da zai ƙera abin da za a tsayar a filin jirgi. Yi lissafin da kanka: batirin da bai kai 100 ba, na'urar da ke shan 250, ko rabin awa ba za a kai ba. Shi ya sa aka tsara ta da zarar ka zare caja ta rage ƙarfinta da kanta. Hoto ya fara tsalle, aiki ya koma tafiyar hawainiya, kuma duk da wannan tsimi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ce ga garinku. Sunan tafi-da-gidanka suna ne kawai. Kwamfutar tebur ce da aka yi mata murfi, igiyarta tana ɗaure da bango kamar akuya a turke.

Wata ranar Laraba cikin Afrilu ce ta koya min wannan karatu sosai. Wani ɗan kwangila yana jiran hotunan rukunin shaguna da zai nuna wa mai kuɗin da ƙarfe biyar na yamma. Tun safe akwai wuta, na saki jiki. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, aiki ya kai kashi sittin da wani abu, fankar silin ta fara rage gudu, ta tsaya. Na kalli lambar batir tana sauka kamar ruwa a randa mai tsaga. Na fita na ja ƙaramin janareta, ya yi tari sau biyu ya mutu, babu mai, yaron da na aika gidan mai kuma bai dawo ba. Sai na rungumi kwamfutar a buɗe, don in na rufe murfin aikin zai tsaya, na rataya caja a wuya, na hau bayan ɗan kabu-kabu, muka nufi shagon wani abokina mai kemis da ke da sola saboda firjin magani. Rana tana dukan allon, ƙasanta yana ƙona min cinya ta cikin wando, ɗan kabu-kabun yana waiwayowa yana tambaya, "Malam, lafiya dai ko?" Mun isa batir yana kashi bakwai. Da na jona, inbatar abokina ta fara kuka, sai da ya kashe fankar shagon da talabijin. Muka zauna mu biyu muna zufa kamar masu gashin burodi, ita kuwa tana huci tana aikinta. Na kai hotunan shida saura. Ɗan kwangilar ya karɓa, amma bai sake kirana ba sai bayan wata huɗu.

Bayan wuta sai zafi. Yawancin takardun da ke zuwa da irin waɗannan kwamfutoci suna cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Mu daga Maris zuwa Mayu muna haura 40, ɗakin kwano da rana kuma ya fi waje. Aikin fankokin shi ne su zuƙo iska daga ƙasa, su bi da ita ta kan bututun tagulla, su fitar da zafi ta baya. In iskar da suka zuƙo ita ma mai zafi ce, ɗiban ruwa da kwando ake yi. Ƙwaƙwalwar tana kai digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu don kada ta ƙone kanta. Ka biya kuɗin ingarma, da azahar ya koma jaki, sai bayan sha ɗayan dare yake tuna shi doki ne. Na ɗora ta a kan murafen kwalba huɗu kafin in sayi matashi mai fanka. Inna kuma, Allah ya saka mata, da ta ga ƙurar hunturu tana sauka a kanta, sai ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa. Rannan na fita sallar Azahar na bar ta tana aiki, na dawo na tarar an lulluɓe ta ruf, ta kashe kanta saboda zafi. Na ce, "Inna, wannan ba a rufe ta, numfashi take yi." Ta ce, "To ai ban san mai rai ce ba."

Ƙurar ma Inna ba ta yi kuskure ba. Da hunturu ya wuce na kai ta wajen mai gyara, muka kwance ƙasanta. Abin da muka gani a bakin fankokin kamar an yanko gefen tsohon bargo an liƙa, ja-ja, har da gashin kyanwa, alhali ba mu da kyanwa. Da buroshin haƙori muka share. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla ya bushe ya zama kamar alli, sai da aka sake. A nan ma akwai tarko. Wasu kamfanonin ruwan ƙarfe suke sawa maimakon man, wanda in ɗigo ɗaya ya zuba a kan allon wuta ya gama da ita. Ba kowane mai gyaran waya ne ya san haka ba, kuma katin hoton a narke yake da allon wutar, ba a cire shi a sa wani. In ya mutu, kwamfutar ce ta mutu.

To ga harawar dokin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ɗan janaretana yana shan kusan rabin lita a awa, aikin awa shida lita uku ke nan kullum. Wutarsa kuma ba ta da tsayayyen ƙarfi, tana hawa tana sauka, ita ta kashe min caja ta farko, na yi kwana goma hannu rabbana kafin wata ta iso daga Legas. Daga nan na haƙura na haɗa sola. Awa shida a kan watt 250 yunit ɗaya da rabi ne. Babban batir mai ruwa na 200Ah, in ba so kake ka kashe shi da wuri ba, kamar yunit ɗaya da ɗan ɗoriya kawai za ka ja daga cikinsa. Sai da na sayi biyu, da faifan sola, da inbata, da wayoyi, da kuɗin mai haɗawa. Da na tara rasit ɗin sai na ga sun kusa rabin kuɗin kwamfutar. Wannan ban faɗa wa Baffa ba har yau.

Data ma ba a bar ta a baya ba. Manyan wasannin yanzu irin su Call of Duty suna haura gigabait 100, kuma ba sa gajiya da neman sabuntawa, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. In kuma wasan na gasa ne da mutane ta intanet, manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa suna Turai ko Afirka ta Kudu, saƙonka sai ya je can ya dawo. Kafin ka ga abokin karawarka ya riga ya harbe ka. Allon da ke sabunta hoto sau 240 ba ya maganin nisa. Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam da ta shigo Najeriya a 2023, ta taimaki masu hali, amma ita ma wuta take ci, kuɗin wata take karɓa. Abokaina na Gusau in na yi wannan ƙorafi dariya suke min, su tuna min Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, mai kwamfuta da mai ƙaramar waya duk suka zama ɗaya.

Wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba, ni ma ba a faɗa min ba: suna ɗaya ne, ƙarfi ba ɗaya ba. RTX 4090 na kwamfutar tebur yana da ma'ajiyar gigabait 24, yana jan watt 450. Mai wannan suna da ke cikin tafi-da-gidanka gigabait 16 gare shi, iyakarsa 175, kuma ainihin guntun da ke cikinsa irin na 4080 ɗin tebur ne. Har a tsakanin kwamfutoci biyu masu kati iri ɗaya, siririyar mai kyan gani sau da yawa an rage mata wutar da take ba katin don kada ta yi zafi, sai mai kaurin ta fi ta gudu. Da yau zan sake sayayya, kuɗin nan kwamfutar tebur zan haɗa da su, mai faɗin ciki da iska ke ratsawa, wadda in abu ɗaya ya lalace a cire a sa wani, ragowar in zuba a sola tun ranar farko. A shekara guda sau nawa na fita da tawa daga ɗaki? In ka cire ranar kabu-kabu, da ƙyar ya kai goma.

Duk da haka ban yarda da hukuncin majalisa ba. Kalmar wasa ce ta ɓata wa na'urar suna, don a wurinmu da an ce wasa an gama magana, abin yara ne. Amma katin da aka ƙera don ya zana inuwa da hayaƙi a cikin gem, shi ne dai ke fitar da hoton gidan Alhaji, kuma danginsa ne ke ɗauke da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kowa ke magana a kai. Nvidia, kamfanin da Jensen Huang da abokansa suka kafa a 1993 don yin irin waɗannan katuna, shi ne na farko a duniya da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4, a Yulin 2025. Wasan kansa ma ya zama sana'a: a gasar duniya da aka yi a Riyad a 2024 kyaututtukan sun haura dala miliyan 60. Da na faɗa wa Baffa a Saudiyya aka yi, sai ya ce, "Riyad dai, ba Makka ba." Mu Kabawa kuma bai kamata mu raina wasa ba. Shiga ruwan Matan Fada da gora da koma, in ka cire ganga da manyan baƙi, me ya rage in ba gasa ba? Ga shi ita ce ta kai sunan Argungu ƙasashen da shinkafarmu ba ta je ba.

Inda dattawa suke da gaskiya ba zan ɓoye ba. Na san wanda ya matsa wa mahaifiyarsa ta sayar da fili aka saya masa irin tawa, kuma abin da yake yi da ita bai wuce Facebook da kallon ƙwallo ba, sai ɗaukar ta zuwa majalisa don a ga fitilun. Wannan ko Baffa bai jawo masa ayar almubazzaranci ba, ni zan jawo. Na kuma san abin da na'urar take yi wa lokaci. An tsara wasannin nan ne don kada ka tashi, kowane mataki yana ja maka na gaba. Sau biyu Asuba ta kuɓuce min a watan farko, sai da na kafa wa kaina doka: ranar aiki babu gem, kuma ko ranar hutu sha biyu na bugawa a rufe. Ba kullum nake cikawa ba. Tambayar da uba ya kamata ya yi wa ɗansa ita ce wadda zai yi masa da injin markaɗe ya ce zai saya: wa zai kawo maka aiki, nawa za ta riƙa shigowa da shi, kuma ina wutar?

Wannan ta ƙarshe ita ce ba ta da amsa a hannun yaro. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, an girka mata injinan da ƙarfinsu ya kai megawat 760, kuma da tafkin ya cika dubban mutane aka tayar daga garuruwansu, tun daga Bussa har ƙasar Yauri. Babban layin wuta daga can Birnin Kebbi yake zuwa, daga nan wani ya wuce Yamai. Da yawanmu ba mu san haka ba sai a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki. Wutar tana bi ta saman kawunanmu, mu kuma muna ƙasa muna jan igiyar janareta. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, aka yi ta kuka da tsada. Ni da za a ba ni ita tsayayya a wannan farashi da na gode, don yunit ɗaya da rabi da nake buƙata bai kai naira 350 ba, inda janareta ke cinye min kusan 3,000 a kan aiki ɗaya. Rashin wuta ya fi kowace irin wuta tsada, kuma talaka ne ke biya.

Gwamnati tana ta maganar koya wa matasa fasahar zamani. Shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 burinsa a horar da mutum miliyan uku. Abu ne mai kyau. Amma wanda ya koyi haɗa bidiyo, ko zanen gini, ko zanen da ke motsi, ranar da aka ba shi takardar shaida ya koma gida, da me zai yi aiki? Wayarsa ba za ta ɗauka ba. Kwamfutar da za ta ɗauka ta fi ƙarfin gidansu, in ma an yi karo-karo an saya, ga harawa tana jira. Haka ilimin zai zauna a kansa har ya bushe.

Manomin shinkafa ya daɗe da warware irin wannan. Ba kowane mai gona ne ke da injin casa ba. Mutum ɗaya ne ke kafawa, kowa ya kawo buhunsa ya biya ya tafi. Abin da nake ganin ya dace da mu ke nan: ɗakuna masu sola da sanyi da intanet mai ƙarfi, a zuba kwamfutocin tebur goma ko ashirin, mutum ya shigo da aikinsa a filas, ya biya kuɗin awa, ya gama ya tashi. A kusa da kwalejin Waziri Umaru, a Kalgo da Aliero inda jami'o'i suke, a Argungu da Yauri da Zuru da Jega. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu, saboda haka uzurin cewa komai sai Abuja ya ragu. Kuma ba cewa nake a gina wani katafaren gini a yanke kyalle a sa kwado ba, mun ga irinsu, shekara biyu ɓeraye su gaji wayoyin. A ba 'yan kasuwa bashi mai sauƙi na sola da na'urori, su riƙe abin a matsayin sana'arsu, don mai shago ba ya barin fanka ta toshe da ƙura. Masu gidajen gem da ke unguwanninmu sun riga sun nuna ana iyawa: PlayStation uku, talabijin uku, janareta ɗaya, yara suna biyan kuɗin kowane wasa, kuma shekara da shekaru ba su rufe ba.

Za a ce ai wurin zai rikiɗe ya koma gidan gem, yara su tare a ciki. Zai iya, in an sake. A ware rana don aiki, bayan Isha'i a buɗe wa masu wasa zuwa wani lokaci, a hana 'yan makaranta shiga lokacin karatu. Kuɗin masu wasan ne ma zai riƙa sayen batir, ɗalibin da ke haɗa furojet ya samu rangwame. Ni ban ga aibu ba in wasa ya ciyar da aiki, tunda a ɗakina aikin ne ke ciyar da wasan.

A gaskiya ɗakin nawa ya riga ya zama ƙaramin irin wannan wuri ba tare da na shirya ba. Lokacin furojet ɗalibai ke layi, na manna takarda a bayan ƙofa ina rubuta sunan kowa da awarsa, wanda ke da hali ya ba da na gyaran batir, wanda ba shi da shi ya share faifan sola. Makon jiya wani yaro ya yi sallama, filas a hannu, ya ce Baffa ne ya turo shi, ɗan amininsa ne daga Kalgo. Na tambaye shi me Baffan ya ce. Ya ce cewa ya yi ya zo wurin jirgin nan, amma ya zo da safe, don da rana ba ya tashi. Na duba takardar, babu gurbi sai Asabar ƙarfe bakwai, na rubuta shi a nan.